Ba a Yi wa Baƙo Gori

Duk lokacin da na zo gida Sabon Birni, matasanmu masu karatun lauya sukan zo gaishe ni, kuma kafin shayi ya huce tambayar ta fito: "Barista, ta ina ake bi a shiga irin aikinku?" Sun ga hotona da kwat a gaban wani dogon gini a Turai, sun ji an ce ina kare gwamnati a gaban Turawa, shi ke nan sun yanke cewa aikin hawa jirgi ne da kwana a otal da zuba Turanci. Wani ma ya taɓa ce mini ai mu mun huta, tunda ba ma zaman jiran alƙali a kotun majistare. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Na gaji da maimaita amsar a zaure, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya karanta ya ga har yanzu yana so, Allah ya ba shi sa'a.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Ƙasarmu takan yi yarjejeniya da wata ƙasa cewa duk mutuminsu da ya kawo dukiyarsa ya kafa sana'a a nan, ba za a zalunce shi ba, ba za a ƙwace masa ba. In kamfani ya ga an taɓa shi, ba ya zuwa kotunmu. Sai ya kai gwamnati gaban masu sasanci uku a ƙasar waje: ɗaya shi ya zaɓa, ɗaya mu muka zaɓa, na ukun shi ne shugaba. Abin da suka yanke ya zauna, kusan babu ɗaukaka ƙara. Ni ina cikin lauyoyin da gwamnati ke turawa su tsaya mata, kuma na yi shekara kusan talatin ina wannan aiki kafin in ajiye.

Aikina na farko a ofishinmu na Abuja shi ne buga lamba a shafukan takarda. Na zo da digirina ina ji da kaina, sai aka miƙa mini ɗan hatimi mai juya lamba da kwali goma sha wani abu na takardu. Shugabata wata Bayarabiya ce, Madam muke ce mata, gajeriya mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ranar da ta ga tsagen Gobirawa a fuskata ta yi dariya har da tafi, ta ce Allah ya kawo mata bawanta har ofis. Na ce ranki ya daɗe, tarihi bai faɗi haka ba. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa shi ya sa na sami shiga wurinta, amma bai taɓa sa ta ɗaga mini ƙafa ba. Na taɓa tsallake lamba ɗaya a kundi mai shafi ɗari huɗu da wani abu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in sake daga farko, ta kuma ce, "Garba, ranar da shugaban zama zai ce a buɗe shafi kaza, kowa ya buɗe ya ga abu dabam, ba lamba ka ɓatar ba, mutuncin ƙasa ka ɓatar." Shekara uku na yi a kan hatimin nan da ɗaukar kwali kafin ta yarda in rubuta sakin layi ɗaya da sunana.

Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini. Jaka mai taya wadda hannunta ke karyewa a filin jirgi. Kundaye masu zobe, kowanne da harafinsa a ƙeya. Alƙaluma masu launi, ni ja nake sa wa abin da zai cuce mu, kore ga abin da zai taimake mu, kuma jan ne ke riga ƙarewa. 'Yan takardu masu manne da muke miƙa wa juna a ƙarƙashin tebur lokacin zama. Sai abin sawa a kunne don jin tafinta, da allon kwamfuta a gaban kowa inda duk kalmar da ta fita daga bakin mutum take bayyana a rubuce nan take. Wannan allo shi na fi tsoro a duk ɗakin. A zauren gidanmu in dattijo ya yi suɓutar baki, ana kawar da kai a ce ba a ji ba. A can kuwa magana tana fita ta zama shafi da layi, kuma bayan shekara biyu za a karanto maka ita.

Sai wanda kake karewa. Lauyan kasuwa yana da mutum a gabansa, mai fuska, mai waya, wanda abin ya dama. Ni wanda nake karewa gwamnati ce, kuma gwamnati ba ta ajiye takarda. Na taɓa yin mako biyu a wata sakatariya ina neman wasiƙa ɗaya da za ta kashe wata shari'a. Wanda ya rubuta ta ya yi ritaya, wanda ya gaje shi an yi masa canjin wurin aiki, mai riƙe da makullin ɗakin ajiya ya tafi jana'iza. Da aka buɗe ɗakin, gara ta riga ni karanta wasiƙar. Kamfani kuwa yakan zo da komai a jere, har da takardar da ma'aikacinmu ya sa wa hannu a gurguje ranar Juma'a yana saurin masallaci. Saboda haka yawancin abin da muke yi faci ne. Inda takarda ta ɓace sai ka nemo mutum, ka mai da bakinsa takarda.

A nan Madam take da doka ɗaya da ba ta sassautawa. Duk shaidan da za mu kai, sai an zaunar da shi sau uku an yi masa tambayar ƙure irin ta lauyan abokan gaba. Ba koya masa abin da zai faɗa ake yi ba, wannan haramun ne a aikin. Ana dai nuna masa yadda wuta take ne kafin ya shiga. Ka ƙaryata shi, ka katse shi, ka juya masa maganarsa, har ya fusata. Takan ce, "In bai ji haushinka a gida ba, za ka ji haushinsa a can." Na yi wa daraktoci, na yi wa wani tsohon kwamishina har ya tashi ya bar ɗakin ya dawo. Na iya abin sosai, har ana turo ni in yi wa shaidun wasu.

Shekarar da ta karya ni, shari'ar gida ce ta zo teburina. Tsakanin Isa da Sabon Birni akwai wani gari, ba sai na faɗi sunansa ba, yana da fadama a gindinsa da ake kira Fadamar Kaiwa, saboda wata bishiyar kanya da ke gabashinta, mu kaiwa muke ce mata. Wani kamfanin ƙasar waje ya zo ya ce zai yi noman albasa na zamani a wurin, da injin ban ruwa da rumbun ajiya. Mutanen garin suka ba shi. A lokacin babu wanda ya damu, kowa yana da gonar gero da dawa a tudu, wasu har wajen Kurawa suke zuwa noma. Bayan 'yan shekaru 'yan bindiga suka rufe daji. Wanda ya je gonar tudu ko a ɗauke shi ko a kawo gawarsa. Ƙasar da ta rage wadda mutum zai noma yana hango rufin gidansa ita ce fadamar nan. Ma'aikatan kamfanin sun riga sun kwashe nasu sun tafi, sai mutane suka shiga suka yi shuka. Hukuma ba ta kore su ba. Kamfanin ya kai ƙara cewa an ƙwace masa mallakarsa.

Takardar da suke riƙe da ita da Turanci take, da dangwalen yatsun dattawa a ƙasa, kuma ta ce an mallaka musu fadamar na tsawon shekarun da jikan jikanka ma ba zai ga ƙarshensu ba. Mu kuma abin da muka tsaya a kai shi ne aro aka ba su, sun kuma san aro ne, takardar ba abin da aka karanta wa dattawa ke nan ba. In masu sasanci suka yarda da haka, ƙarar ta rushe daga tushe, fadama ta zauna a hannun masu ita. In ba su yarda ba, mutanen garin ba su da inda za su sa fartanya.

Ku da kuka tashi a nan kun san yadda aron gona yake. Ba a rubutawa. Wanda aka ara wa ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya sai da izini, kuma duk kaka yakan kai wa mai gona wani abu daga amfanin, ko dami ɗaya ne. Ba haya ba ce, ba a ma faɗin yawansa. Alama ce kawai cewa na san ba tawa ba ce. To, manajan kamfanin, wani Bature mai fara'a da ya iya gaisuwa da Hausa, duk shekara da kansa yake kai kwandon albasa ƙofar dattijon da ke riƙe da al'amarin fadamar. Wani ma'aikacinsa ɗan gari ne ya gaya masa haka ake yi, ya kuma gaya masa dalili. Ma'aikacin ya rasu a wani hari a hanyar Gatawa. Wanda ya rage da zai faɗi ma'anar kwandon nan shi ne dattijon da ake kai wa, Baba Anaruwa.

Da Madam ta ji na san shi, ta ɗaga hannu sama ta ce yau Gobir ta yi rana. Ai kuwa na san shi. Aminin mahaifina ne, tare suka yi fataucin Maraɗi da jakuna. Shi ya raɗa mini suna. A gidansa ni ba baƙo ba ne: ba a yi mini shimfiɗa, ba a tambaya ko za ni ci abinci, in na tashi tafiya ba a raka ni. Madam ta ce to shaida ya zama nawa, in rubuta bayaninsa, in yi masa zama ukun nan, in kawo shi.

Rubuta bayanin bai ba ni wuya ba. Na zauna a ƙasa gefen buzunsa, ya ba ni labari tiryan-tiryan, ya ce, "Aro munka ba su, Garba. Kowa ya sani. Kwandon ga da shika kawowa, mi ka ɗauka shi na?" Na rubuta, na karanta masa da Hausa, ya dangwala. Washegari na koma don zaman farko na tambayar ƙure. Na gyara murya na ce, "Baba, can in mun tahi, akwai wadda za ta tashi ta ce maka ƙarya kake yi."

Ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki. Ya ce, "Ni? Wa za ya ce min haka? Da huruhurata?"

Abin da ya kamata in yi na san shi sarai. In ce masa ni ne za ni fara, yanzu, a nan. In ce masa Baba ƙarya kake, sayarwa kuka yi kuka ci kuɗin, yanzu yunwa ta sa kuka canza magana. In yi ta yi har ya kore ni daga zauren, in dawo gobe in sake. Na yi wa kwamishina, amma bakina ya ƙi buɗuwa a gaban mutumin da ya riƙe ni ina jariri. Kunya ta kama ni, tsabar kunya, ba wani abu ba. Na yi 'yar dariya na ce, "A'a Baba, hwaɗi dai na yi. Kai dai ka hwaɗi gaskiya." Ya ce, "To, wannan ai ba sai an koya min ba." Muka shiga hirar farashin gero. Bayan kwana uku Madam ta kira ta ce, "Bawana, ka gasa shi?" Na ce na gasa shi sau uku, ya nuna. Wannan ita ce ƙarya ɗaya da na taɓa yi mata a aiki.

Wahalar fitar da shi ma labari ce. Hanyar Sakkwato a lokacin sai da rakiyar jami'an tsaro, fasfo sai da muka je sau biyu saboda injin ya ƙi karanta yatsunsa, noma ya shafe zanen. A can kuma sanyi ake yi, na saya masa kwat mai kauri ya ɗora a kan babbar riga, ya ce ya zama kamar buhun da aka cusa a buhu. Bai yi ƙorafin komai ba. Da safen zaman ya tambaye ni gabas, ya yi sallarsa, ya ce mu je mu gama mu koma, damina ta kusa.

Ɗakin ba shi da girma. Masu sasanci uku a gaba, mu a hagu, su a dama, shaida shi kaɗai a tsakiya da ɗan tebur da kofin ruwa. Tafinta yana cikin wani akurkin gilashi a baya. Yaro ne mai ilimi, amma Hausarsa ta birni ce, kuma tun a rantsuwa na ga alama. Shugaban zama ya tambayi Baba ko ya fahimci abin da aka karanta masa, Baba ya ce, "Na jiya," wato na ji a Hausarmu. Tafinta ya ɗauka ranar jiya ake nufi, ya ce shaida yana magana a kan abin da ya wuce jiya. Na tashi na gyara, aka yi 'yar dariya, aka wuce. Ni ban yi dariya ba.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne manajan. Yana zaune a layin lauyoyinsu, daidai inda idon Baba zai sauka. Da suka haɗa ido ya ɗan rusuna ya dafa ƙirji, Baba ya amsa da fara'a har da ɗaga hannu. Mutumin nan ya ci tuwo a zauren Baba. Ya taɓa ɗaukar matar Baba a motarsa zuwa asibitin Isa ranar da ciwo ya kama ta. A idon Baba ba abokin gaba ne ke zaune a can ba, baƙonsa ne.

Lauyarsu tsohuwa ce mai sanyin murya. Na shirya jin ta daka masa tsawa, in tashi in kare shi. Ba ta yi ba. Ta gaishe shi, ta yi masa sannu da hanya, ta tambaye shi ko ya san mutumin da ke zaune can. Baba ya ce, "Ƙwarai. Mutumin kirki na." Ta ce kwandon albasan da yake kawowa, Baba ya taɓa aikawa a karɓo? Ya ce a'a. Ya taɓa faɗin yawan da za a kawo? Ya ce subhanallahi, a'a. Ta ce to haƙƙinsa ne da dole a kawo, ko kuwa alheri ne mutumin yake yi?

Na ga Baba ya dubi manajan. Na san abin da ke ransa kamar ni ne. Yaya za a yi mutum ya kawo maka abu da hannunsa shekara da shekaru, ka zauna a gaban jama'a, a ƙasarsu, ka ce dole ce ta sa shi? Ya ce, "Alherinai na. Allah shi saka mai."

Kalmar ta hau allo. Na ji Madam ta daina rubutu a gefena.

Tsohuwar ta ci gaba a hankali. Ta ce a duk shekarun nan, ko sau ɗaya Baba ya taɓa ce wa mutumin nan ƙasar tasu ce, wata rana zai mayar? Baba ya girgiza kai, har da ɗan murmushin wanda aka yi wa tambayar yara. Ya ce, "Haba. Ba a yi ma baƙo gori."

Tafinta ya yi ta laluben kalma. Ban ga laifinsa sosai ba, ku gwada juya gori da Turanci a cikin daƙiƙa biyu ku gani. Abin da Baba yake nufi shi ne ƙasar tamu ce, shi ma ya sani, amma ɗan halak ba ya tuna wa wanda ya yi wa alheri alherin da ya yi masa. Abin da ya fito a allo kuwa shi ne: ba mu da irin wannan magana da za mu yi masa. Na miƙe na ce fassarar ba ta cika ba. Shugaban zama ya ce in bari, za ni sami damata, kuma akwai lokacin gyaran rubutu daga baya. Tsohuwar ta yi tambayarta ta ƙarshe: "Kenan kun ba su fadamar?" Baba ya ce, "Mun ba su." Ta yi godiya ta zauna. Ba ta ce masa maƙaryaci ba ko sau ɗaya.

Damata ta zo. A ƙa'ida ina iya sake tambayar shaidana, amma ba ni da ikon sa masa magana a baki. Ba za ni iya cewa aro ne ko ba aro ba. Na tsaya, na ce, "Baba, da ka ce kun ba su, wane irin bayarwa?" Kalma ɗaya nake nema, mai harafi uku, wadda ya faɗa mini a zaurensa ba tare da na roƙa ba. Ya dube ni, ya dubi manajan, ya sake dubana. Na ga ransa ya ɓaci, kuma da ni ya ɓaci, ni da na san komai amma nake so in sa shi ya tozarta baƙo a bainar jama'a. Ya ce, "Kai ma ka sani, Garba. Mi za ni ƙara?" Na sake juya tambayar ta wata hanya. Lauyarsu ta ce an riga an amsa. Shugaban zama ya yarda da ita.

Madam ta tattara takardunta. Sai da muka fito ta tsaya a bakin matakala, ta cire tabarau, ta ce, "Sau nawa ka gasa shi?" Na ce ko sau ɗaya. Ta gyaɗa kai ta wuce. Daga ranar ba ta sake kirana bawanta ba, Barista Garba take cewa, har ta yi ritaya.

Mun yi abin da za mu iya. Wata biyu muna musayar wasiƙu a kan kalmar gori. Na rubuta shafi goma sha ɗaya ina bayanin ta, na nemo wani malamin jami'a ya rubuta nasa, aka ce lokacin kawo sabon masani ya wuce. Daga ƙarshe aka yarda a sa ɗan bayani a ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Amma ko an gyara gori, alheri yana nan, mun ba su yana nan, kuma bayanin da na rubuta masa a gida ya zama kamar lauya ne ya tsara, dattijo ya zo ya faɗi gaskiya da bakinsa. Duk wanda ya karanta rubutun zaman haka zai fahimta, ni ma da ban san Baba ba haka za ni fahimta.

Ba a kai ga hukunci ba. Manya suka duba suka ga in aka jira, diyyar da za a ɗora wa ƙasa ba ƙarama ba ce, gara a sasanta. Sharaɗin kamfanin ɗaya ne: a tabbatar masa da takardarsa, a fitar da mutane, a kewaye wurin. Aka ce wa ya fi sanin iyakokin fadamar a ofis? Ni ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da hannuna na rubuta yarjejeniyar, daga gindin kaiwar da ke gabas zuwa tsohuwar rijiya, ban tsallake lamba ko ɗaya ba. An bar mutane suka kwashe amfanin shekarar, sannan aka ja waya. Kamfanin bai dawo ba har yau, yana jiran daji ya lafa. In kun bi hanyar za ku ga wurin, ciyawa ta fi mutum tsawo a ciki. Mutanen garin wasu sun koma gonakin tudu don babu yadda za su yi, kuma ba duka suka dawo ba. Wasu sun tsallaka Nijar. Wasu suna nan cikin Sabon Birni a gidajen dangi, kuna wuce su kullum.

To ga amsar tambayarku. Ta ina ake shiga, wannan mai sauƙi ne, ku ci jarrabawa ku nemi ofis ku ɗauki hatimi. Abin da ba a koyarwa shi ne ranar da za a ba ka mutumin da kake jin nauyinsa a ce ka shirya shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wani ne zai gaya wa dattijo cewa yau ce ranar, kuma wanin nan kai ne. In ba za ka iya zama a gaban ubanka ka ce masa ƙarya yake don ka cece shi ba, ka faɗa tun da wuri a ba wani. Ni ban iya ba, ban kuma faɗa ba, kuma abin yana cina har gobe.

Sai da aka ja wayar na iya zuwa wurin Baba Anaruwa. Na same shi a gidan ƙanensa a nan cikin gari, inda suka dawo da zama. Ya rame. Na zauna a ƙasa na yi masa bayani duka, ban rage ba: abin da alheri ya zama a rubuce, abin da gori ya zama, da zama ukun da aka ce in yi masa ban yi ba. Ya saurara har na gama, yana murza carbi. Sannan ya ce, "Garba, kai ka san ƙasassu, ni ban san ta ba. Da ka hwaɗa min can ba a kumya, da na baro tawa gida."

Bai ƙara kalma ɗaya a kai ba, ranar ko bayanta. Ya ɗaga murya ya ce a kawo tabarma, Barista na zaune a ƙasa. Ya sa aka dama mini fura, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya. Da na tashi tafiya ya lalubi sandarsa, na ce Baba ka zauna, ya ce a'a. Ya rako ni har bakin mota, ya tsaya sai da na tayar, kamar yadda ake yi wa baƙo.